Baffa da hanyoyin ƙafa uku na bayan garinmu, kudu da Sinnar

A watan Oktoba na 2021 ne aka gaya wa Baffa a asibiti a Sinnar, a ƙasar Sudan, cewa sugansa ya hau sosai, ga hawan jini kuma. Likitan ya rubuta magani sannan yace masa ya riƙa tafiyar ƙafa kamar rabin awa kullum, ko aƙalla kwana biyar a sati. Ni na raka shi ranar. Baffa yace to, insha Allahu, amma tun a mota muna dawowa na gane maganin ne kawai ya shiga kunnensa, zancen tafiya kam an bar shi can a ɗakin likita.

Bari in fara da wurin, don in baku san ƙasar ba ba za ku gane matsalar ba. Ƙauyenmu ƙarami ne a gaɓar yamma ta kogin Shuɗin Nilu, mu dai bahar muke ce masa, kudu da Sinnar ba nisa da Mai-Wurno. Kakanninmu suna cikin mutanen da suka yi ta biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai-Wurno ya ci gaba da jama'a har suka zauna a bakin wannan kogin, wasu kuma irin namu daga baya suka zo da niyyar hajji suka tsaya noma aka haifi 'ya'ya aka zauna. Wato mu jikokin mutanen da suka taka ƙasa da ƙafa daga Arewa har nan ne, wannan maganar ita na fara jefa wa Baffa ina zaton za ta motsa shi, yace min ai su da inda suka nufa. Wannan amsar tasa a lokacin ban ɗauke ta da muhimmanci ba, ashe duk maganar tana ciki.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shekarunsa sittin da bakwai a lokacin, ya yi fiye da shekara talatin yana tuƙin babbar mota tsakanin Sinnar da Gadarif da Bur Sudan, zama ne kullum a bayan sitiyari da shayi mai suga cokali uku a kowace tsayawa. Da ya ajiye tuƙi sai zaman ya koma kan angarib, wato gadon igiya, a rakuba, rumfar ƙofar gida, masallaci kuma taku kaɗan ne. Ƙafafunsa sun fara yi masa zugi da dare, gwiwar hagu tana ciwo, in ya yi saurin tashi sai jiri. Ba gurgu bane, ba kwance yake ba, mutum ne da jikinsa ya manta da tafiya kawai.

Yunƙurina na farko bai yi ba sam. Na saka manhajar ƙirga taku a wayata, na ce Baffa ku tashi mu zaga filin ƙwallon makaranta sau uku bayan la'asar, fili ne a shimfiɗe babu rami. Ya bi ni kwana biyu. Rana ta uku yara suka tsaya da wasa suna kallonsa, wani abokinsa ya wuce a kan jaki ya tambaye shi ko wani abu ya ɓace masa ne yake nema, da muka dawo gida ya zauna yace ɗana, dattijo ba ya yawo, sai dai ya je wani wuri. Daga ranar bai ƙara ba. Na ji haushi gaskiya, har na yi kwana biyu ban je gaishe shi da yamma ba, ina ganin lafiyarsa ake nema shi kuma yana duba bakin mutane. Amma da na huce na duba sai na ga ba girman kai bane. A garinmu in an ga babba yana kewaya fili ba dalili to ko dai damuwa ta yi masa yawa ko kansa ya fara taɓuwa, haka mutane za su fassara, kuma shi ya san haka fiye da ni.

Goggo ce ta warware, yayarsu. Na kai mata ƙara ta saurare ni tana tsinke weka, wato busasshiyar kuɓewa, a faifai, ta ce kai ma da kai, ka taɓa ganin an ce wa namiji tashi ka yi tafiya ya tashi? Aike ake yi masa. Washegari ta kira shi ta ce, kai tun yaushe rabonka da kabarin Iya, ni ƙafata ba ta kai ni, ka riƙa zuwa kana yi mata addu'a a madadinmu duka. Baffa ba ya musu da Goggo. Hanya ta farko kenan.

Daga masallaci zuwa maƙabarta wayata ta nuna kusan mita ɗari bakwai, zuwa da dawowa kilomita ɗaya da 'yan kai. Hanyar tana bin tudu ne, ƙasar wurin mai tauri ce ba irin laka ta fadama ba, kuma rabinta akwai layin darbejiya da aka dasa tun muna yara, inuwa har ƙasa. A tsakiya akwai sabil, tuluna biyu na zir a ƙarƙashin rumfa da wani bawan Allah ya ajiye sadaka, da dakali ɗan ƙarami. Satin farko sai da ya zauna a dakalin nan zuwa da dawowa, yana haki, minti arba'in muke yi a abin da ni zan yi a sha biyar. Ban ce masa komai ba, Goggo ta gargaɗe ni kada in kuskura in ambaci suga ko likita a hanya. Shi ma ba da taku yake aunawa ba, da carbi yake yi, yace daga ƙofar masallaci zuwa sabil salatin Annabi ɗari biyu ne in bai tsaya gaisawa ba. Bayan wata ɗaya ya ce min yanzu ɗari da hamsin ne yake isa, a nan na san sauri ya ƙaru ba tare da na buɗe waya ba.

Lokacin fita ma mun sha gwaji. Bayan asuba kai tsaye akwai duhu, ga kunama da maciji a gefen ciyawa, kuma cikinsa babu komai. Bayan la'asar a watan Oktoba har yanzu rana tana da ƙarfi. Abin da ya zauna shi ne ya sha shayi da ɗan abin tauna, hantsi bai ɗaga ba ya fita, a hunturu kuma wato Disamba da Janairu lokacin da iskar arewa take kaɗawa ana iya fita ko da yamma.

Hanya ta biyu ita ce wadda na fi so kuma ita ce ta fi koya mana darasi. Mahaifina yana da ƙaramar janaina, lambun mangwaro da gwaba da ayaba da lemun tsami, ana ba ta ruwa daga tur'a, wato magudanar ban ruwa, wanda famfo yake ɗagowa daga bahar. Daga ƙarshen gari zuwa can kilomita ɗaya da rabi ne a kan gaɓar tur'ar. Aiken a nan ba ƙirƙira bane, da gaske ana buƙatar babba ya je ranar da ruwa yake zagayowa kanmu don kada maƙwabci ya toshe ya juya, yara ba a jin maganarsu. Mahaifina ya ce masa kai ne ka fi ni baki, ka riƙa zuwa. Gaɓar tur'a tana da kyau ga tsoho saboda a miƙe take babu hawa babu gangara, ƙafafun mutane da jakai sun daddale ta, kana tafiya ruwa na gefenka, balbelu suna bin bayan masu ban ruwa, in ka ci sa'a ka ga tsuntsun nan mai kama kifi ya tsaya cak a iska kafin ya faɗa. Amma tana da aibi biyu. Babu inuwa ko kaɗan sai wata aduwa guda ɗaya a wajen rabin hanya, sannan baƙar ƙasar nan tamu in rani ya yi nisa tsagewa take, tsaga mai zurfi da sanda ke shigewa har rabi, in ka sauka daga kan gaɓar ka taka gefen gona ƙafa tana iya faɗawa ta gurɗe. Don haka doka ta farko ita ce ba a sauka daga gaɓa. Ta biyu ba a alwala da ruwan tur'a kuma ba a tsoma ƙafa, saboda tsargiya, kowa a ƙasar ban ruwa ya san yaran da ke fitsarin jini daga wankan tur'a, dodon koɗin da ke ɗauke da cutar a irin wannan ruwa mai kwanciya yake zama. Buta ƙarama yake ratayawa.

Zancen wurin zama kuwa, ni da wasu samari biyu muka jawo wani guntun kututturen bagaruwa da karo, wato amalanken jaki, muka ajiye a gindin aduwar. Wallahi wannan kututturen ya yi aikin da duk surutuna bai yi ba. Da babu shi Baffa yana tsoron hanyar ne don ya san in ya gaji babu inda zai zauna sai ƙasa, kuma in ya zauna a ƙasa tashi da wannan gwiwar sai an kama shi, abin da ba ya so a gani kenan. Da aka ajiye shi sai tafiyar ta rabu biyu a ransa, daga gida zuwa aduwa, daga aduwa zuwa janaina, kowanne guntu abin da zai iya ne. Ba a yi wata biyu ba wasu dattawa biyu suka fara bin sa, ɗaya mai hawan jini ne ɗaya kuma hira kawai yake so, har wurin ya samu suna, ana cewa suna majalisar aduwa.

A nan ne kuma abin tsoro ya same mu, cikin Fabrairu 2022. Ranar ya sha ƙwayar sugansa, irin wadda take sa jiki ya ƙara fitar da insulin, bai ci komai ba sai shayi saboda yana sauri kada ruwa ya wuce mu, ya je janaina ya tsaya fiye da awa yana kai da kawo a bakin kwalbati. A dawowa ina bayansa da 'yan taku sai na ga tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa, na zo kusa na ga zufa ta jiƙa wuyan jallabiyarsa alhali da sanyi-sanyi ake, hannun da ke riƙe da sanda yana rawa. Na ce Baffa lafiya? Ya kalle ni kamar bai gane ni sosai ba yace yunwa, yunwa nake ji. Allah ya taimaka mun kusa aduwa, na zaunar da shi a kututturen, babu komai a aljihuna, ko alawa. Wani yaro ne mai karon jaki ya zo wucewa da ƙullin dabino a aljihu, Baffa ya ci guda huɗu ya sha ruwan buta, bayan kamar kwata ya dawo hayyacinsa, muka ɗora shi a karon zuwa gida. Laifina ne a nan, na san yana shan magani kuma na san tafiya tana sauke suga, amma ban haɗa biyun a kaina ba. Muka je wajen ma'aikacin lafiya ya auna shi ya tura mu ga likita, aka rage masa ƙwayar, aka ce kada ya sake fita da ciki wayam. Tun daga ranar akwai dabino bakwai a aljihun gaba na jallabiyarsa, Inna matarsa ce take ƙirgawa ta zuba kafin ya fita, in ya dawo ta duba nawa suka rage.

Hanya ta uku shi da kansa ya nemo ta, ban sa baki ba. Tana ratsa kurmin bagaruwa da ke fadama ta fita a mashaya inda masunta suke ɗaure kwale-kwale, kusan kilomita biyu daga gida. Masuntan nan yawancinsu Hausawa ne 'yan uwanmu, sun san shi, in ya je da safe yana samun bulti da garmut, wato karfasa da tarwaɗa, sabon kamu da araha kafin dillalai su kwashe zuwa Sinnar. Dattijo ya dawo gida da kifi a rataye a igiyar kaba, wa zai ce yawo ya je? Cikin kurmin nan akwai sanyi ko da rana, ƙamshin furen bagaruwa, ƙasa a shimfiɗe. Sai dai hanyar ba ta kowane wata ba ce. Mu muna sama da madatsar Sinnar da aka gama a 1925, to in an tare ruwa bayan damina sai ya kwanta ya shiga fadamar, kurmin ya zama tafki, sai can cikin rani ya ja baya a samu hanya. Tsofaffi suna da lissafinsu na lokacin, amma tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020 su kansu suna cewa bahar ya canza hali, don haka kafin Baffa ya bi wannan hanyar sai an tambayi masunta ko ƙasa ta bushe.

Kuma a nan ƙaya ta same shi. Silifas ɗin roba yake sawa, sifinja, ƙayar bagaruwa fara doguwa ta huda ta ta shiga tafin ƙafarsa, abin da ya tayar min da hankali shi ne bai ji ba. Ya dawo gida da kifinsa lafiya lau, sai da Inna take zuba masa ruwan alwalar azahar ta ga jini a silifas. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum ya taka abu bai sani ba, rauni ya ruɓe, mun san mutane a garuruwan nan da aka yanke wa yatsa ko ƙafa ta dalilin abu ƙarami irin wannan. An cire ƙayar an wanke an ba shi magani, sati uku bai fita ba, ni kuma kullum ina fargaba. Allah ya sa ya warke. Daga nan aka shiga rigimar takalmi. Markub ɗinsa na fata yana santsi kuma yana matse yatsu, takalmin taya da ake kira tamut takhalli ƙaya ba ta huda shi amma sama a buɗe yake kuma yana goge fata. Na sayo masa kambas rufaffe mai kaurin ƙasa, lamba ɗaya sama da ƙafarsa, da safa ta auduga, yace shi ba ɗan makaranta bane. Goggo ta sake shiga, ta ce ko ka sa ko in hana ka zuwa wajen Iya, ya sa. Yanzu ƙa'ida ce in ya dawo Inna ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, kuma ya kakkaɓe takalmin kafin ya zura saboda kunama.

Damina ta 2022 ta nuna mana iyakar abin. Daga Yuli zuwa Satumba baƙar ƙasa in ta sha ruwa ba a taka ta, tana kama takalmi ta yi masa dutse, santsi kuma ko saurayi yana faɗuwa. Tur'a ta rufe, kurmi ya rufe, ga sauro. Hanyar maƙabarta kaɗai ta rage saboda tudu ce, sai ya riƙa yin ta sau biyu, safe da bayan la'asar in ba hadari. Da ace hanya ɗaya muka dogara da ita kuma ta fadama ce, da wata uku zai yi a zaune, kuma na tabbata da wuya ya sake tashi.

Abin da aka samu a shekara ɗaya, ba zan ƙara gishiri ba. Suga bai tafi ba, yana shan magani har yau. Amma awon safe da yake haura ɗari biyu ya dawo yana wasa tsakanin ɗari da talatin zuwa ɗari da hamsin, an rage ƙwaya sau ɗaya, jallabiyar da ta matse shi a ciki ta saki, barci ya gyaru, sujada da tashi ba ya dafa bango. Zugin ƙafa bai daina ba, gwiwa ma tana nan, wata rana ta hana shi fita. Shayi kuwa daga cokali uku zuwa ɗaya aka tsaya, ya ƙi sauka ƙasa da haka. Ba zan iya rantsuwa cewa tafiya ce kaɗai ta yi wannan ba tunda ga magani ga Inna da ta rage masa asida, wato tuwo, da dare, amma canjin da na gani a fuskarsa ranar da ya fara dawowa da kifi, wannan ba ƙwaya ce ta kawo ba. Abin da ban iya warwarewa ba shi ne na mata. Goggo da Inna su ma suna buƙatar wannan tafiyar, Inna ma hawan jini gare ta, amma gaɓar tur'a da mashaya wuraren maza ne, su nasu fitar sai gaisuwar mutuwa ko barka ko biki, kuma ban samo musu aiken da zai zama na kullum ba. Wannan yana damuna har yanzu.

Sai yaƙi ya zo a Afrilu 2023. Da farko nesa muke jin sa, sannan a ƙarshen shekarar mutanen Wad Madani suka cika garuruwanmu, gidanmu kaɗai iyali uku muka sauka, a tsakiyar 2024 kuma ya iso jihar Sinnar kanta. Watanni babu mai fita bayan gari, magani ya yi wuya, Baffa ya koma kan angarib, sugan ya sake hawa, ba na son in tsawaita a nan. Da abubuwa suka ɗan lafa aka fara fita, hanyar maƙabarta ya fara komawa, kuma yanzu kaburburan da yake tsayawa a kansu sun ƙaru. Kurmin bagaruwa ba mu koma ba, an sare da yawa an yi gawayi lokacin da babu gas, kuma ana ta jan kunnen mutane kada a bar hanyar da aka saba takawa, kada a taɓa wani ƙarfe da ba a san shi ba a daji. Gaɓar tur'a tana nan, aduwa tana nan, amma kututturen babu, wani ya ɗauka ya yi makamashi, ban ga laifinsa ba a irin wancan lokacin. Ba tare da shi ba Baffa ba ya yarda ya wuce ƙarshen gari, ya gwada sau ɗaya ya juyo. Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci ya riƙe hannuna yace ɗana, har yanzu baku samo itacen nan ba? Na ce Baffa ku ƙara haƙuri, na yi magana da mai karo, akwai wani gungumen mangwaro da ya faɗi a janaina, ranar Talata za mu jawo shi.